Babi na Bakwai: Lissafin Ran Abin da Ya Riga Ya Mutu

A yawancin wasannin da Bahaushe ya gada, mutuwa abu ce ta farat ɗaya, ba a rarraba ta kashi-kashi, ba a kuma ajiye mata lissafi. Ɗan damben da ya kai hannu ko gwiwa ƙasa an kashe shi ke nan, ko da kuwa shi ne ya fi zuba naushi tun farkon karawa, idan kuma aka yi turmi uku ba wanda ya faɗi sai a ce babu kisa, a raba su. Ɗan langa da ya saki ƙafarsa ya fita daga wasa. A dara kuwa, wadda har yau ake bugawa a gindin bishiya a Kurfi da Dutsin-Ma da ƙauyukan da ke kewaye da su, kowane ɓangare na da 'ya'ya 12 a kan gurabe 30, kuma ɗan da aka ci ɗauke shi ake yi ɗungurungum, ba a taɓa jin an ce an ci rabinsa ba.

Samarin waɗannan garuruwa, musamman ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma da aka kafa a 2011 da na Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita, sun saba da wata irin mutuwa ta daban a wasannin waya irin su Free Fire, inda jarumi ke shiga fili da maki 200, kowane harbi ya rage masa wani abu, ya ci gaba da gudu da harbi da cikakken ƙarfinsa har sai makin ya ƙare. Wannan adadi shi ake kira makin rai, wato yawan dukan da ɗan wasa zai iya sha kafin ya faɗi. Ba a cikin kwamfuta aka ƙirƙiro shi ba. Ya samo asali ne daga wasan tebur na kwaikwayo, wanda bai yaɗu a ƙasar Katsina ba, amma ya cancanci a san shi domin shi ne uwar yawancin ƙa'idojin da ke cikin wayoyin. A wannan wasa mutum huɗu ko biyar ne ke zama da takarda da fensir, kowa ya ɗauki jarumi guda ya zama bakinsa, sannan mutum ɗaya, mai jan wasa, ya riƙa ba da labari kamar mai tatsuniya, yana kuma yanke hukunci kamar alƙali. Duk inda aka yi shakkar ko sara ya samu ko bai samu ba, sai a jefa ƙwaya irin ta lido, sai dai ƙwayoyin nan ba masu fuska 6 kaɗai ba ne, akwai masu fuska 4 da 8 da 10 da 12 da 20.

Tushen abin yana cikin wasannin yaƙi, waɗanda hafsoshin sojan Furushiya a ƙasar Jamus suka fara koyon dabaru da su tun 1824. A 1971 Gary Gygax da Jeff Perren suka fitar da ƙa'idojin wasan Chainmail a Amurka, inda sojan ƙasa ke mutuwa da sara ɗaya, tamkar ɗan dara. Dave Arneson, wanda yake jan wasa ga abokansa a jihar Minnesota, ya lura cewa mutumin da ya shafe makonni yana renon jarumi guda ba ya yarda jifa ɗaya ta raba shi da shi, don haka ya aro dabarar da ake auna lalacewar jirgin ruwan yaƙi da ita, kamar yadda shi da kansa ya bayyana daga baya, ya ɗora wa mutum. Da shi da Gygax suka wallafa Dungeons & Dragons a 1974, kuma tun daga lokacin makin rai ya zama ginshiƙin wannan fanni.

Lissafin mai rai ba shi da wuya. Kowane jarumi ko dodo yana da adadin ƙwayoyin rai gwargwadon matakinsa, girman ƙwayar kuma ya danganta da sana'arsa, mayaƙi ya samu babba, matsafi ya samu ƙarama. A bugun zamani ana ƙara wa kowace ƙwaya wani abu daga ƙwarin jiki, ɗaya daga cikin halaye 6 da ake auna kowace halitta da su, kuma ƙa'idar ƙarin ita ce a cire 10 daga adadin halin, a raba saura biyu, a yar da ɓurɓushi. Mai ƙwarin jiki 16 ke nan yana da ƙarin maki 3 a kan kowace ƙwaya. Wanda ba ya son jifa sai ya ɗauki matsakaici: 4.5 ga ƙwaya mai fuska 8, 5.5 ga mai fuska 10, 6.5 ga mai fuska 12. Gygax ya yi bayani a littafin mai jan wasa na 1979 cewa makin babban jarumi ba nama da jini ba ne zalla, har da gwaninta da sa'a da kariyar da yake samu daga sama, in ba haka ba babu hankalin da zai yarda mutum ya fi doki jure sara. Duk da haka, gindin lissafin yana kan jiki mai numfashi, mai zuciya da huhu da jinin da zai iya tsiyayewa.

A nan ne matattu masu motsi suka tayar da ƙura. Wannan rukuni ne na dodannin da labarin wasan ya ce sun mutu amma wani asiri ya tayar da su, kuma marubutan sun tsinto su ne daga wurare dabam-dabam: zombi, gawar da ke tafiya ba hankali, daga al'adun Haiti ta hanyar fina-finan Amurka, musamman na George Romero na 1968, bamfaya, mashayin jini, daga labaran gabashin Turai da littafin Dracula na Bram Stoker na 1897, sai ƙwarangwal mai riƙe da takobi, da fatalwa, da matsafin da ya cire ransa ya ɓoye a cikin wani abu don kada ya mutu. Tambayar da ta tsaya wa masu tsara ƙa'ida ita ce, abin da zuciyarsa ba ta bugawa, ba ya cuta, ba ya gajiya, mene ne ƙwarin jikinsa, kuma mene ne ke ƙarewa idan makinsa ya ƙare? Bugun farko bai damu da amsa ba, domin dodanni a lokacin ba su da halaye 6, ƙwayoyi kawai ake rubuta musu: a littafin dodanni na 1977 ƙwarangwal na da ƙwaya 1, zombi 2, bamfaya 8 da ƙarin maki 3.

Bugu na uku, wanda kamfanin Wizards of the Coast ya fitar a 2000 ya kuma gyara a 2003, shi ne ya ɗauki tambayar da gaske, kuma amsarsa ta fi kowace tsauri. Ya ce matacce ba shi da ƙwarin jiki sam, ba ma sifili ba, a gurbin adadin ɗan layi kawai ake ja. Saboda haka babu ƙari, babu ragi. Don cike giɓin sai aka ba shi ƙwaya mafi girma da ake bai wa kowace halitta, mai fuska 12. Ƙwarangwal ɗin mutum mai ƙwaya ɗaya ya tashi da maki 6, zombi mai ƙwaya biyu ya tashi da 13, aka ƙara masa 3 na wata baiwar juriya ya zama 16. Aka kuma bi tunanin har ƙarshensa: guba ba ta cinsa, barci ba ya ɗaukarsa, bugun makasa, wato saran da ya dace da wuri mai haɗari ya ninka illa, ba ya aiki a kansa tunda ba shi da makasa, addu'ar warkarwa da ke ƙara wa mai rai maki shi rage masa take yi. Mai rai idan ya gangara ƙasa da sifili yana kwance rai a hannun Allah har zuwa maki 10 ƙasa da sifili, ana iya ceto shi. Matacce kuwa da ya taɓa sifili ya wargaje nan take.

Tsarin yana da kyau a ido, amma lissafi ya tona masa asiri. Matsakaicin ƙwaya mai fuska 12, wato 6.5, daidai yake da ƙwaya mai fuska 8 a hannun mai ƙwarin jiki 14, ma'ana duk mataccen da ke cikin wasan, daga ƙanƙaninsu har sarkinsu, an ɗaure shi a matsayin halitta mai matsakaiciyar lafiya, alhali manyan dodanni masu rai suna kai ƙwarin jiki 20 ko fiye. Abin ya fi fitowa fili idan jarumin ɗan wasa ne ya rikiɗa ya zama bamfaya, domin ƙa'ida ta ce a mayar da dukkan ƙwayoyinsa masu fuska 12. A ɗauki mayaƙi a mataki na 10, mai ƙwaya mai fuska 10 da ƙwarin jiki 16: idan aka bi matsakaici zalla, yana raye yana da 55 da ƙarin 30, jimilla 85, amma da ya zama bamfaya sai ya koma 65, ya yi asarar maki 20. A ɗauki kuma matsafi a wannan mataki, mai ƙwaya mai fuska 4 da ƙwarin jiki 10: yana raye makinsa 25 ne, da ya mutu sai ya haye 65. Mutuwa ta raunana ƙaƙƙarfa ta ƙarfafa rarrauna har suka yi kai ɗaya, abin da ba labarin ya nufa ba, ba kuma 'yan wasa suka so ba. Hanyar da ta rage wa masu tsara dodanni ita ce su tara wa matacce ƙwayoyi barkatai, su kuwa ƙwayoyin ba maki kaɗai suke ƙarawa ba, suna ɗaga iya kai hari da wasu abubuwa, sai gyaran wuri ɗaya ya ɓata wani.

Akwai dabara guda ta wannan bugu da ta fi sauran armashi, kuma ba ta cikin makin kanta. An ba ƙwarangwal ragin illa 5 ga duk makamin da ba na bugu ba, wato kowace sara ko suka sai an cire mata 5 kafin a taɓa makinsa. Takobi mai illar ƙwaya mai fuska 8, a hannun wanda ba shi da ƙarin ƙarfi, idan jifa ta ba da 1 zuwa 5 bai yi komai ba, idan ta ba da 8 ma maki 3 kaɗai ya ci, domin kaifi yana ratsawa ne ta tsakanin haƙarƙari. Amma kulki ko guduma yana shiga gaba ɗaya, duka biyu su gama da shi. Duk wanda ya taɓa kallon 'yan tauri suna goga wuƙa a ciki da wuya ranar hawan salla zai gane tunanin ba tare da dogon bayani ba, domin abin da jama'a suka ɗauka shi ne tauri maganin ƙarfe ne, ba maganin gora ba. Maki 6 na ƙwarangwal, saboda haka, ba ya faɗin gaskiyar wahalar kayar da shi sai an san abin da ke hannun mai faɗa da shi.

A 2009 kamfanin Paizo ya fitar da Pathfinder, wanda aka gina a kan bugun 2003, ya kuma zo da wata amsa. Ya bar matacce ba ƙwarin jiki, ya rage masa ƙwaya zuwa mai fuska 8, sannan ya ce a ɗauko ƙarin daga kwarjini, halin da ke auna ƙarfin zuciya da tasirin halitta a kan wasu. Hujjar ita ce abin da ke riƙe da gawa a tsaye ba tsoka ba ce, nufi ne: ƙiyayya, ko kwaɗayi, ko wani buri da bai cika ba. Ƙwarangwal marar tunani mai kwarjini 10 ya sauka zuwa maki 4, zombi ya koma 12, amma fatalwa mai ƙwaya 6 da kwarjini 18 tana da 27 da ƙarin 24, jimilla 51, ko da yake ba ta da jikin da za a taɓa. Wannan ya warware matsalar da ta dami bugu na uku, tunda yanzu ana iya bambanta bawa da ubangidansa ba tare da tara ƙwayoyi ba. Aibinsa shi ne ya jibga wa hali ɗaya kaya da yawa, domin akwai matsafan da sihirinsu ma daga kwarjini yake fitowa, irin wannan idan ya zama bamfaya sai adadi ɗaya ya ba shi rai da makami a lokaci guda.

Bugu na biyar na Dungeons & Dragons, na 2014, ya zaɓi sauƙi. Ya mayar wa matattu ƙwarin jiki, ya ce a fahimce shi a matsayin taurin abin da aka yi su da shi, ya kuma ɗaure girman ƙwaya da girman jiki, duk halitta mai girman mutum ta samu mai fuska 8. Lissafin ya zama ɗaya da na kowa: ƙwarangwal ƙwaya 2 da ƙarin 4, maki 13, zombi ƙwaya 3 da ƙarin 9, wato 22.5, a yar da rabi ya zama 22; fatalwa ƙwaya 10 ba ƙari, 45; bamfaya ƙwaya 17 da ƙarin 68, maki 144. Ta fuskar tunani wannan ja da baya ne, don babu wata gamsasshiyar ma'ana ga ƙwarin jikin fatalwa. Sai dai marubutan sun mayar da bambancin zuwa wurin da ya fi amfani, wato abin da ke faruwa a bakin sifili. Zombi idan makinsa ya ƙare yana da jifan tsira: a jefa ƙwaya mai fuska 20, a ƙara 3, idan jimillar ta kai 5 haɗe da illar dukan ƙarshe sai ya tsaya da maki 1. Dukan da ya ci 6 yana bukatar 11, wato jifa 8 ko sama, abin da ke faruwa sau 65 cikin 100. Dukan da ya ci 15 yana bukatar 20, damar ta sauka zuwa 20 cikin 100. Bugun makasa da haske mai tsarki kuwa ba su ba shi damar jifa ko kaɗan. A teburi, mai jan wasa ya riga ya soke 22 ɗin da fensir, 'yan wasa sun fara murna, sai ya jefa ƙwaya a bayan tafin hannunsa ya ce gawar ta sake miƙewa. Tsoron da wannan ke jefawa a zukata ya fi na ƙarin maki 50.

Manyan matattun sun fi nuna haka. Bamfayan 2014 yana mayar da maki 20 a kowane zagaye muddin ba ya cikin hasken rana ko ruwa mai gudu, idan kuma aka kai shi sifili sai ya zama hazo ya koma makwancinsa. Matsafi mai ɓoyayyen rai yana da maki 135, ƙasa da na bamfaya, amma ko an wargaza shi yana samun sabon jiki cikin kwana 1 zuwa 10 matuƙar ba a fasa abin da ya ɓoye ran a ciki ba. Masu karatun Dare Dubu da Ɗaya sun san irin wannan a labarin Saiful Muluki, inda aljani ya ajiye ransa a cikin tsuntsu, tsuntsun a cikin akwati, akwatin a cikin wasu akwatuna a can cikin teku. Ga irin waɗannan halittu makin rai tsawon faɗa ɗaya kawai yake aunawa, ainihin mutuwarsu tana wurin makari, kuma sanin cewa kowane asiri yana da makarinsa tsohon ilimi ne a tatsuniyar Hausa.

Mai karatu Musulmi zai tsaya a kan abu biyu, kuma ya dace ya tsaya. Na farko, aƙida ba ta yarda mamaci yana dawowa duniya ya yi yawo ba, don haka duk abin da aka lissafa a nan ƙagaggen labari ne, matsayinsa ɗaya da Dodo da Gizo. Na biyu, akwai hadisai ingantattu da suka yi hani ga wasan nardu, wanda ake yi da ƙwayar jifa, malamai kuma sun yi bayani mai yawa a kan iyakar hanin, wannan kuwa fagensu ne, a wurinsu ake neman hukunci. Ko a Amurka ma wasan ya sha suka daga wasu ƙungiyoyin Kirista a shekarun 1980, har kamfanin TSR da ke wallafa shi ya cire sunayen shaiɗanu daga bugun 1989. Abin lura kawai shi ne lissafin makin rai ba ya dogara da jifa, tunda littattafan da kansu suna buga matsakaici a gaban kowane dodo.

Amfanin wannan duka ga ɗalibin kwamfuta ko na lissafi a Dutsin-Ma da ke son ƙera wasa da kayan gida shi ne ya gane cewa adadi yana biyo bayan hukunci ne, sai an fara yanke abin da ke riƙe da halitta sannan a san inda za a ɗebo makinta. Fatalwa, kamar yadda ake ba da labarinta, doguwa ce fara da ke fitowa da dare, aikinta firgitarwa, ba ta da nama, saboda haka tsarin Pathfinder na kwarjini ne ya dace da ita, ƙwarin jikin 2014 ba shi da abin kamawa a jikinta. Labarin kamun kurwa, inda mutum ke ramewa a hankali ba ciwon da ake gani, ya yi daidai da wata ƙa'ida ta 2014 wadda wasu matattu ke rage ƙololuwar makin mutum maimakon makin da ke hannunsa, ta yadda magani ba ya cike giɓin. Amma wanda zai taɓa wannan batu ya yi hattara, domin zargin maita ya raba bayin Allah da yawa da gidajensu da mutuncinsu, ba abin da za a liƙa wa wata ƙabila ko wani gari a cikin wasa ba ne. Gawar da wani matsafi ya tayar kuwa, maki kaɗan sun ishe ta, a ba ta ragin illa da jifan tsira.

Idan aka auna hanyoyin uku, na 2003 ya fi tsayawa a kan hujjarsa amma lissafinsa ya karkace, na 2014 ya fi sauƙin koyarwa amma ya kauce wa tambayar, na 2009 ne kaɗai ya ba da amsar da labari da lissafi suka yarda da ita tare. Mai ƙera wasan Hausa ya ɗauki kwarjini daga Pathfinder, ya ɗauki ƙa'idar bakin sifili daga bugun 2014, sannan kada ya rubuta wa kowane dodo maki sai ya fara rubuta makarinsa.